Sarauniyar kyau ta jiha a Amurka: aikin da ke biyo bayan kambi

A watan Yunin 2009, masu shirya gasar sarauniyar kyau ta jihar Kalifoniya a Amurka suka sanar da cewa sun tuɓe Carrie Prejean daga sarautarta. Dalilin da suka bayar shi ne ta ƙi halartar tarurrukan da aka tsara mata, abin da suka ce ya saɓa wa yarjejeniyar da ta sa wa hannu.

Mai kallo daga nesa zai iya mamakin wannan dalili, domin yawancin jama'a sun san gasar ne daga abin da ake nunawa a talbijin na dare guda: 'yan mata sun jeru, alƙalai sun zaɓi ɗaya, an ɗora mata kambi, ta fashe da kukan murna. To amma a Amurka wannan dare shi ne ranar kama aiki. Daga nan har shekara ta zagayo, yarinyar na ƙarƙashin wata yarjejeniya da ke fayyace inda za ta je, da abin da za ta faɗa, da ma wanda zai raka ta.

Gasa biyu, sarauniya biyu

Kowace jiha daga cikin jihohi 50 na Amurka, da kuma gundumar babban birnin ƙasar, Washington, tana da manyan sarauniyoyin kyau biyu a lokaci guda, saboda manyan gasannin ƙasar biyu ne.

Ta farko ita ce Miss America, wadda 'yan kasuwar birnin Atlantic City na jihar New Jersey suka ƙirƙiro a 1921 domin masu yawon shaƙatawa su ƙara kwanaki a bakin teku bayan ƙarewar lokacin zafi. Wata yarinya 'yar shekara 16 daga Washington, Margaret Gorman, ita ce ta fara lashe ta.

Ta biyun kuwa rikici ne ya haife ta. Yolande Betbeze ta jihar Alabama, wadda ta ci sarautar Miss America ta 1951, ta ƙi yarda ta riƙa fita bainar jama'a da kayan ninƙaya domin tallata su. Kamfanin Catalina mai ɗinka kayan, wanda yake cikin masu ɗaukar nauyin gasar, ya fusata ya janye, ya kafa gasar Miss USA da ta Miss Universe a 1952. Wato tun daga tushe, saɓani a kan abin da ya wajaba sarauniya ta yi bayan an naɗa ta shi ne ya raba gidan biyu.

Saboda haka akwai Miss Michigan, akwai kuma Miss Michigan USA, kuma ba su haɗa ofis ko shugabanni ba. A ɓangaren Miss America, ƙungiyoyin jihohi galibi na 'yan sa kai ne, kuma yarinya kan fara ne da cin gasar ƙaramar hukuma ko ta gari ko ta jami'a kafin ta kai matakin jiha. A ɓangaren Miss USA kuwa, kamfanoni ne ke sayen lasisin shirya gasar jiha, 'yan takara kuma su biya kuɗin shiga. Donald Trump ya mallaki wannan ɓangare daga 1996 zuwa 2015.

Yawancin gasannin jihohi na Miss America ana yin su ne a watannin Yuni da Yuli, kuma sau da yawa a ƙananan garuruwa da suka daɗe suna karɓar baƙuncinsu, kamar Vicksburg a jihar Mississippi da Mansfield a jihar Ohio. A irin waɗannan garuruwa makon gasar lokacin ciniki ne ga masu otal-otal da gidajen abinci.

Shekarar hidima

Masu gasar Miss America suna kiran wa'adin sarauniya da sunan shekarar hidima. A jihohin da gasar ke da ƙarfi, musamman na kudancin ƙasar irin su Oklahoma da Arkansas da Alabama da Carolina ta Kudu, aikin yakan cinye lokacin yarinyar gaba ɗaya, har ta jingine karatun jami'a ko aikinta na shekara guda. A jihohin da gasar ba ta da kuɗi sosai, sarauniya kan ci gaba da harkokinta, ta riƙa fita a ƙarshen mako.

Babban ɓangaren aikin shi ne ziyarar makarantu. Akan tara ɗalibai a zauren makaranta, sarauniya ta shigo da kambi a kanta da ƙyallen da ke ɗauke da sunan jiharta rataye daga kafaɗa zuwa ƙugu, ta yi musu jawabi a kan karatu ko shaye-shaye ko cin zalin da yara kan yi wa junansu. A rana guda tana iya maimaita jawabi ɗaya a makarantu biyu ko uku, tana tuƙa mota daga wannan gari zuwa wancan. Wanda ya san faɗin jiha kamar Texas ko Montana ya san wannan ba ƙaramar tafiya ba ce.

Sai kuma bukukuwa. Ranar 4 ga watan Yuli, ranar 'yancin kan Amurka, za a gan ta zaune a bayan buɗaɗɗiyar mota tana ɗaga wa jama'a hannu a jerin gwanon wani gari. Tana halartar bikin baje kolin amfanin gona da dabbobi na jiha, tana yanke ƙyallen buɗe sabon kanti, tana jagorantar liyafar tara kuɗi ta ƙungiyoyin agaji. Idan mawaƙiya ce, akan gayyace ta ta rera taken ƙasa kafin a fara wasan ƙwallo. Takan ziyarci gwamna da majalisar dokokin jiha, da asibitocin tsofaffin sojoji, sannan ita ce ke ɗora wa sababbin sarauniyoyin ƙananan hukumomi kambi, waɗanda ɗaya daga cikinsu ce za ta gaje ta.

Daga 2007, na tsawon shekaru fiye da goma, gasar Miss America ta yi ƙawance da wata ƙungiya mai tara wa asibitocin yara kuɗi, Children's Miracle Network, kuma a lokacin sai 'yar takara ta tara wani adadi na kuɗi kafin a ba ta damar shiga gasa. Wannan ya sa ziyarar yara marasa lafiya ta zama cikin abubuwan da aka fi sanin sarauniyoyin jihohi da su.

Duk waɗannan fitowa ba ita ke tsara su ba. Ƙungiyar jiha na da jami'in da ke karɓar buƙatun masu gayyata, ya sa farashi, ya tsara jadawali. Makaranta ko kamfanin da ke son ta zo yakan biya kuɗin halarta da na mota, kuma daga nan ne take samun abin kashewa. A al'adar gasar, wata dattijuwa daga cikin 'yan sa kai kan raka ta zuwa wurare da dama, al'adar da ta samo asali tun shekarun 1930, lokacin da shugabar gasar, Lenora Slaughter, ta kafa dokoki masu tsauri domin wanke sunan gasar daga zargin rashin ɗa'a. A zamaninta 'yar takara ba ta da izinin shiga mashaya ko keɓewa da namiji a makon gasar.

A tsakiyar wannan zirga-zirga kuma tana shirin gasar ƙasa. Idan ta yi nasara a can, sai ta bar sarautar jiha, wadda ta zo ta biyu ta ɗauka. A 2020, da annobar korona ta hana taruwa, an soke gasannin jihohi na Miss America, sarauniyoyin da aka naɗa a 2019 suka yi shekara biyu a kan mulki.

Batun da za ta yi fafutuka a kai

Kafin ƙarshen shekarun 1980, aikin sarauniya bai wuce murmushi da tallan kayan masu ɗaukar nauyi ba. Abin ya sauya ne bayan Kaye Lani Rae Rafko, wata ma'aikaciyar jinya daga jihar Michigan, ta ci sarautar Miss America ta 1988, ta kuma shafe shekararta tana magana a kan kula da marasa lafiyar da ajali ya kusanto musu. Daga 1989 aka wajabta wa kowace 'yar takara, tun daga matakin ƙasa-ƙasa, ta zaɓi wata matsala ta al'umma da za ta yi fafutuka a kai.

Wasu sun ɗauki abin da muhimmanci, musamman waɗanda matsalar ta shafe su kai tsaye. Heather Whitestone ta Alabama, wadda ta kurumce tun tana jaririya, ta ci sarautar jiharta a 1994, ta je ta lashe ta ƙasa. Nicole Johnson ta Virginia, mai fama da ciwon sukari, ta yi haka a 1998. A 2014 Sierra Sandison ta jihar Idaho ta hau dandamali da na'urar da ke zuba mata maganin insulin a maƙale a jikinta, kowa na gani, kuma masu ciwon sukari da dama suka riƙa sa hotunansu da irin na'urar a intanet domin nuna cewa sun daina ɓoye ta.

Sai dai 'yancin zaɓen batu yana da iyaka. Erika Harold ta ci sarautar jihar Illinois a 2002 tana kira ga matasa da su ƙaurace wa jima'i kafin aure. Da ta zama Miss America, sai batun nata a hukumance ya koma yaƙi da tashin hankali tsakanin matasa, kuma ta fito fili ta shaida wa manema labarai cewa shugabannin gasar na neman hana ta magana a kan batunta na asali. Daga baya aka ƙyale ta. Ta yi amfani da kuɗin da ta samu ta karanta aikin lauya a jami'ar Harvard, a 2018 kuma ta yi takarar babban lauyan jihar Illinois a jam'iyyar Republican, ba ta yi nasara ba.

Ina ribar take?

Abin da masu gasar Miss America suka fi tinƙaho da shi shi ne tallafin karatu, wanda aka fara bayarwa a 1945, lokacin da Bess Myerson ta New York ta karɓi dala 5,000. Yawan kuɗin ya bambanta ƙwarai daga jiha zuwa jiha. A Carolina ta Kudu, sarauniyar 2019 ta samu tallafin dala 60,000, alhali a wasu jihohin abin bai wuce 'yan dubbai ba. Ban da kuɗi, dillalan motoci kan ba ta aron mota na shekara guda, masu kantuna su ba ta tufafi, a wasu jihohin har da gidan zama. Kowane mai kyauta kuma yana sa ran ganinta a kantinsa, a ɗauki hoto.

A 2014 wani mai shirin barkwanci a talbijin, John Oliver, ya binciki iƙirarin gasar na cewa tana samar da tallafin karatu na dala miliyan 45 a shekara. Da ma'aikatansa suka duba takardun haraji, sai suka gano kuɗin da ake bayarwa a zahiri, idan an haɗa na ƙasa da na jihohi, bai kai dala miliyan 4 ba. Ashe ana lissafawa ne har da gurabun karatu na kyauta da jami'o'i daban-daban suka yi tayi, alhali yarinya ɗaya jami'a ɗaya kawai za ta iya shiga.

Ita kuma 'yar takara tana kashe nata kuɗin a kan riguna da masu horarwa da tafiye-tafiye, sau da yawa na shekaru kafin ta yi nasara, idan ma ta yi. Ribar da ta fi tabbata ita ce sanin mutane da gogewa wajen magana a gaban jama'a. 'Yar fim Halle Berry ta riƙe sarautar Miss Ohio USA a 1986. Sarah Palin, wadda ta zama gwamnar Alaska, ta kuma yi takarar mataimakin shugaban ƙasa a 2008, ta ci gasar garinsu Wasilla a 1984, ta shiga ta jiha.

Akwai ma jihohin da suka mayar da abin aikin gwamnati sosai. A Wisconsin, jihar da ta yi suna wajen kiwon shanu da cuku, ana zaɓen wata mace mai laƙabin Alice in Dairyland tun 1948, kuma daga baya matsayin ya koma na ma'aikaciyar ma'aikatar gona ta jiha, mai albashi na shekara guda, aikinta tallata madara da sauran amfanin gona. A maƙwabciyarta Minnesota, gimbiyar masu kiwon shanu kan zauna a cikin wani ɗakin gilashi mai sanyi a wurin baje kolin jiha, a sassaƙa siffar kanta a jikin curin man shanu mai nauyin kusan kilo 40, jama'a na kallo.

Yadda ake rasa kambi

Yarjejeniyar da sarauniya ke sa wa hannu ta ƙunshi sharuɗɗan ɗa'a, da haramcin fitowa da kambi ko magana da 'yan jarida ba tare da izini ba. A gasar Miss America an daɗe ana sharɗanta cewa 'yar takara ba ta da aure, ba ta da ɗa. Ɓangaren Miss USA ya janye wannan sharaɗi daga 2023.

Rikicin Carrie Prejean ya fara ne a gasar ƙasa ta watan Afrilun 2009, inda wani alƙali ya tambaye ta ra'ayinta a kan auren jinsi, ta ce a ganinta aure tsakanin namiji da mace ne. Ta zo ta biyu. Nan take ta zama gwarzuwa a wurin Kiristoci masu ra'ayin riƙau, aka shiga gayyatarta majami'u da gidajen talbijin. Masu shirya gasar Kalifoniya suka ce tana zuwa inda ba su aike ta ba, tana ƙin zuwa inda suka aike ta. Da farko Donald Trump ya ce ta ci gaba da riƙe kambin, amma bayan wata guda ya amince a tuɓe ta, aka naɗa Tami Farrell. Ita kuwa ta dage cewa amsar da ta bayar ce aka hukunta ta a kai, ta shigar da ƙara tana zargin an nuna mata bambanci saboda addininta. An sasanta a wajen kotu a watan Nuwamba na shekarar.

Sheena Monnin ta jihar Pennsylvania ta ajiye sarautarta da kanta a 2012, tana zargin an yi maguɗi a gasar Miss USA. Masu gasar suka kai ta gaban mai sasanci, aka yanke mata biyan diyyar dala miliyan 5 saboda ɓata suna.

A jihar Carolina ta Arewa kuwa, a 2002, Rebekah Revels ta yi murabus bayan wani tsohon saurayinta ya ce yana da hotunanta na tsiraici, daga baya ta garzaya kotu tana neman a mayar mata da kambin. An yi makonni jihar na da mata biyu kowace na iƙirarin ita ce sarauniya, kafin kotu ta bar wa Misty Clymer damar shiga gasar ƙasa. Revels ce aka tura ta wakilci Amurka a gasar Miss World ta wannan shekara, wadda aka shirya yi a Abuja, aka mayar da ita London bayan rikicin Kaduna na watan Nuwamba da ya yi sanadin mutuwar mutane fiye da 200.

Nauyin aikin kansa ya sa wasu sun ajiye. A watan Mayun 2024, Noelia Voigt, wadda ta fito daga jihar Utah ta zama Miss USA, ta yi murabus tana mai cewa tana son kula da lafiyar ƙwaƙwalwarta.

Wa ya cancanci wakiltar jiha?

Tun da sarauniya ita ce fuskar jiha a wuraren taro, tambayar wace ce ta dace ta daɗe tana tayar da ƙura. Tsohuwar dokar Miss America ta tanadi cewa 'yar takara ta kasance farar fata, kuma sai a 1970 aka ga baƙar fata ta farko a gasar ƙasa, Cheryl Browne, wadda ta wakilci Iowa. Vanessa Williams ta New York ce baƙar fata ta farko da ta lashe gasar, a 1983, ko da yake an tilasta mata murabus a watan Yulin 1984 bayan wata mujalla ta samu hotunanta na tsiraici.

Rima Fakih, haifaffiyar Labanan da ke zaune a Dearborn, garin da Larabawa suka yi yawa a jihar Michigan, ta ci sarautar jihar, ta kuma zama Miss USA a 2010. A lokacin an bayyana ta a matsayin Musulma ta farko da ta kai wannan matsayi, kuma ta sha suka ta fuska biyu: daga masu ƙyamar Musulunci, da kuma Musulmin da ke ganin shiga gasar da ake fita da kayan ninƙaya bai dace da addini ba. Nina Davuluri ta New York, wadda iyayenta 'yan Indiya ne mabiya addinin Hindu, ta sha zagi a intanet a 2013 daga waɗanda suka ɗauka Balarabiya ce.

A 2016 Halima Aden, 'yar asalin Somaliya da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta shiga gasar Miss Minnesota USA sanye da hijabi, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. Hakan ya buɗe mata ƙofar tallan kayan ƙawa a manyan biranen duniya, amma a 2020 ta sanar da daina wannan sana'a, tana mai cewa ta riƙa tilasta mata sassauta addininta. Gasar Miss America ta soke fitowa da kayan ninƙaya a 2018.

Ba haka abin yake a Najeriya ba

A Najeriya ma 'yan takara kan rataya sunayen jihohi, amma ma'anar ta bambanta. A gasar Most Beautiful Girl in Nigeria, wadda kamfanin Silverbird ya fara a 1986, sau da yawa masu shiryawa ne ke raba wa 'yan takara sunayen jihohi, ko da ba can ne asalinsu ba, kuma babu wata shekarar hidima da za su yi wa jihar. Chidimma Adetshina, wadda ta girma a Afirka ta Kudu, ta lashe gasar Miss Universe Nigeria a 2024 da sunan jihar Taraba.

Wadda ta fara cin gasar Miss Nigeria, da jaridar Daily Times ta kafa a 1957, Grace Oyelude, daga Kano ta tafi, ta wakilci Jihar Arewa ta wancan lokaci. Bayan shekaru 64, a watan Disamban 2021, wata 'yar Kano mai shekara 18, Shatu Garko, ta lashe gasar sanye da hijabi, ta samu kyautar naira miliyan 10 da mota. Hukumar Hisbah ta jihar ta ce abin da ta yi ya saɓa wa koyarwar Musulunci, ta kuma ce za ta gayyaci iyayenta domin su yi bayani.